Tsakuwa Huɗu a Kwanon Inna

Talata, 2 ga Satumba

Yau na fara aikin girkin taimako a gareji. Malama, mai jagorantar aikin, ita ce ta ja ni, wai tunda ɗinki ya yi ƙasa gara in zo in motsa jiki da in zauna ina hira da keke. Ni ban gaya mata ɗinki ya yi ƙasa ba. Ita ta gani, don tagata tana kallon hanya, kuma wanda ya yi shekaru yana koyar da yara ido gare shi har a ƙeya.

Bari in rubuta yadda ake yi, kada in je in yi abin kunya. Litinin da Juma'a da yamma, in kasuwa ta tashi, masu kayan miya suna tara abin da ba zai kai gobe ba: tumatir da ya fashe, kabejin da bayansa ya yi yaushi, karas masu lanƙwasa da ba mai saye, dankalin da fartanya ta sara. Da can duk bola ake kai su. Yanzu a baro ake turo su tsohon garejin da ke bayan makaranta. Mai Burodi yana aiko da na jiya, masu shago kuma suna ba da ƙasan buhu na shinkafa da wake. Washegari, Talata da Asabar, mu tsince, mu yanke ruɓa, mu ɗora tukunya.

Rabon ne ya fi burge ni. Ba layi, ba kiran suna. A bangon gareji ta wajen lungu akwai taga mai faɗi, an kafa katako a cikinta, an rataya labule ciki da waje. Mai buƙata zai zo da safe ta lungu, ya ɗaga labulen waje, ya ajiye kwanonsa ya yi gaba. A cikin kwanon yana saka tsakuwa, kowane baki da tsakuwarsa. Mu ɗauka ta ciki, mu juye tsakuwar, mu ɗauraye, mu zuba ludayi ɗaya ga kowace tsakuwa, mu mayar. Da rana kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Doka biyu Malama ta kafa. Ba a leƙa labule, ba a kuma ƙara ludayi ko a rage. Na ce ta farko na gane, amma ƙari ina laifinsa? Ta ce in ci gaba da yankan albasa.

Asabar, 6 ga Satumba

An ba ni ludayi. Mai Tumatir ce ta ce a ba ni, wai tela ba ya kuskuren awo. Wannan mata ita ta fara tara kayan a kasuwa, ƙatuwa ce, muryarta kuma ta fi ta girma. Tun da na shiga take kirana Almakashi, saboda yadda nake yanke ruɓar tumatir ba na taɓa mai kyau. Na ce in ta sake zan kira ta Baro. Ta ce ai an riga ni.

Bayan an gama rabo, masu girki sukan zauna su ci abin da ya rage a ƙasan tukunya, a tire ɗaya. Suka matsa mini wuri, na ce na ci a gida. Ni bayarwa na zo yi, ban zo a gan ni da hannu a tire ba.

Na dawo na sha shayi da burodi. Ya ishe ni.

Lahadi, 7 ga Satumba

Baya kamar an daka. Hannu kuma har yanzu warin albasa, na wanke da toka ma bai fita ba.

Talata, 9 ga Satumba

Wani ɗakin taro ya aiko da shinkafar da ba a ko buɗe ba, manyan kuloli, da zafinta. Direban ya ce da ba a ba su lambar Malama ba, bayan gini za a juye ta kamar kullum. Kamar kullum! Raina ya ɓaci har sai da na zauna. Inna, Allah ya ji ƙanta, ƙwayar shinkafa ɗaya in ta faɗi sai ta sa mun durƙusa mun nemo, tana cewa ƙwayar nan ta yi tafiya mai nisa kafin ta zo gidanmu, ba za ta ƙare a ƙarƙashin tabarma ba. A garejin nan dai ko ɓawo ba ya tafiya banza, akwai mai awaki da ke zuwa da buhu.

Na fara sanin kwanuka, ko da yake ban san masu su ba. Akwai wanda ake ɗaure wa baki da tsohon ɗankwali, kullum a wanke fes. Akwai gwangwanin madara mai tsakuwa ɗaya, shi ne ke ba ni tausayi. Akwai wata kula mai tsakuwa cike da tafin hannu, in na ɗauke ta sai Mai Tumatir ta ce ga gidan da ba a kunna rediyo, yara sun wadatar. Malama ta harare ta.

Talata, 16 ga Satumba

Na ɗaga labulen ciki, ga kwanon Inna a kan katako.

Ba kama ba ce. Shuɗi mai farin fure, fentinsa ya ɓantare a gefe inda na taɓa kayar da shi ina yarinya, an kife shi da faranti saboda ba shi da murfi. Ba shi da murfi kuwa don murfin yana kan kabad ɗina. Da Inna ta rasu muka zauna rabon kayan ɗakinta, ni da Yaya, komai ya tafi lafiya sai kan kwanon nan. Ta ce ita ce babba, na ce ni na yi jinya. Ta ɗauki kwano ta fita, ni kuma na riƙe murfi, kowa yana ganin shi ya ci. Tun daga nan muna gaisawa, muna zuwa dubiya, amma ba wadda ta sake ta da zancen, kuma ba wadda ta sake sakewa a ɗakin 'yar'uwarta.

Yaya! Gidan da ake fita da kwanuka a jere, a kai wa maƙwabta da masu gadi. Na san shagon kayan ginin mijinta ya rufe tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Na san 'yarta ta tafi aiki wani gari ta bar mata yara. Amma ban san abin ya kai nan ba, ko kuma ban so in sani ba.

Na juye tsakuwa, guda huɗu. Na zuba huɗu, na mayar da faranti. Mai Tumatir ta tambaye ni me ya sami idona, na ce albasa, ta ce ai yau ba ni na yanka ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Mijinta, ɗaya. Jikoki uku. Ita. Biyar ke nan ko a wace makaranta.

Ba sai an gaya mini wa aka cire ba. Haka take tun muna yara, in nama bai kai ba sai ta ce haƙorinta yana ciwo.

Asabar, 20 ga Satumba

Kwanon ya sake zuwa, tsakuwa huɗu. Na zuba huɗu ina jin kamar ni na hana ta.

Sai yanzu zuwana na ƙarshe gidanta yake dawo mini. Ta kawo mini shayi a kofin baƙi, ta ce yanzun nan suka tashi daga cin abinci. Tukwane kuwa duk a kife, a bushe, murhu ba ɗumi. Ni kuma na zauna ina ba ta labarin yadda matan yanzu suka koma sayen kayan kanti suka bar tela. Ta yi ta ba ni haƙuri. Ita ce ma ke ba ni haƙuri.

Talata, 23 ga Satumba

Na zuba biyar. Na danna da bayan ludayi don faranti ya rufu, na zaɓi burodin da ya fi taushi na ɗora. Ba wanda ya gani. Dokar Malama dai ba daga sama ta sauko ba, kuma ludayi ɗaya ba zai kashe tukunya ba.

Na dawo gida zuciyata fari tas, har na share ƙarƙashin keke.

Asabar, 27 ga Satumba

Biyar kuma. Mai Tumatir ta yi tari a bayana, irin tarin da ba na mura ba. Ban waiga ba.

Talata, 30 ga Satumba

Kwanon bai zo ba. Wataƙila 'yarta ta aiko da wani abu.

Asabar, 4 ga Oktoba

Bai zo ba. Na ɗaga labulen ciki ya fi sau nawa, har Malama ta ce in bar shi ya huta. Gwangwanin madara ya zo, mai ɗankwali ya zo, kowa ya zo. Gefen katako inda yake zama ne kawai ba kowa.

Talata, 7 ga Oktoba

Na gaya wa Malama, muna wanke tukunya mu biyu. Ban faɗi ko kwanon waye ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ce akwai kwanon da na san mai shi, na san bakin da ke gidan ya fi tsakuwar, na ƙara, yanzu ya daina zuwa.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Ta ce mai yunwa ya san ludayinsa, ya san inda huɗu ke tsayawa a jikin kwano kamar yadda na san inda ƙugu yake a jikin riga. Ranar da ya buɗe ya ga ƙari, ba alheri yake gani ba. "Abin da yake gani shi ne an gane shi. Labulen nan, ba abinci muke rufewa da shi ba."

Ta ce a farkon aikin ita ma ta taɓa ƙara wa wani tsoho, bai sake dawowa ba, shi ya sa ta kafa dokar. Na ce me ya hana ta gaya mini tun ranar farko? Ta ce duk wanda ta gaya wa yakan ce ai shi nasa daban ne.

Garin gyaran gira na rasa ido. Na mayar da ludayi na ce a mai da ni kan albasa, can aƙalla in na yi kuka da dalili.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je gidan Yaya. Na sayi burodi sabo, ba na jiya ba, don kada ta ce daga gareji na ɗauko.

Mijinta yana zaune a baranda, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Tela, kin ɓata." Maganarsa tana jan ƙafa amma tsokanar tana nan. Yara suna makaranta. Yaya tana wanki a tsakar gida, zanenta ya zagaye ta ya yi saura, ni da na san awonta tun kafin ta yi aure. Kwanon yana kife a kan kwando.

Muka gaisa doguwar gaisuwa, irin ta mutanen da ba sa son su kai ga magana. Na ajiye burodi. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce in ɗauki abina yara ba sa son irinsa. Sai bakina ya kufce, na ce, Yaya, me ya sa ba kya saka taki tsakuwar?

Ta matse rigar da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga, sannan ta yi magana, a hankali don kada mijinta ya ji.

"Ashe ke ce. Na yi ta tunanin wace ce ta san gidana haka. Auta, na rufe fuskata na bi lungu, ke kuma kika zauna a ciki kina ƙirga ni."

Na ce ai don ta ci ne. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta ce huɗu ɗin nan na yara ne da marar lafiya, tana iya ɗauka ta ce wa kanta ba ita ta roƙa ba. Na biyar ɗin kuwa nata ne, kuma ba ta nema ba. Na ce wannan girman kai ne. Nan ta miƙe tsaye ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ke kin taɓa tsayawa ta wajen lungu? Dube ki, wuya kamar mariƙin lema, kina raba wa duniya abinci. Je ki ci ki ƙoshi, sannan ki zo ki koya mini."

Na ɗauki burodina na fito. A baranda mijinta ya miƙo hannu, na ba shi, ya ɓoye ƙarƙashin matashi yana kashe mini ido.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Mariƙin lema. Ni! To ta zauna da yunwarta, na yi iya yina.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na fito da rigata mai ruwan toka don in je gaisuwa, ta zauna mini kamar ta aro. Na hau keke na rage ta. Ina cikin ragewa na tuna wancan watan ma na rage ta.

Gaskiya ba rashi ne kawai ba, ko da yake rashin ma akwai. Tun da maigidana ya rasu ba na iya ɗora tukunya don baki ɗaya. In na dafa sai in zauna ina kallon abincin, shi ma yana kallona, daga baya in rufe. Shayi ya fi sauƙi, ba ya buƙatar abokin ci.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ban ce tana da gaskiya ba, na dai rubuta.

Talata, 14 ga Oktoba

Jiri ya ɗebe ni a gareji, ina tsaye da wuƙa a hannu. Ban faɗi ba, bango ya tare ni. Mai Tumatir ta zaunar da ni a kan buhu ba tare da ta ce uffan ba, abin da ban san tana iyawa ba. Da aka gama rabo ta ɗebo ƙasan tukunya a faranti ta dire a gabana. Na fara cewa na ci a gida, ta ce ta ji, amma in ban ci wannan ba mai awaki za a ba, kuma awakinsa har sun fi shi ƙiba, in taimaka kada a yi asara.

Na ci don kada a yi asara. Wake ne da kabeji, gishiri ya ɗan yi yawa. Na suɗe farantin.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kwanon bai zo ba. A hanyar dawowa na bi ta wajen mai sayar da tsofaffin kaya, sai ga babbar tukunyar Yaya a gaban rumfarsa, tsakanin fitila da tsohuwar fanka. Na san ta, hannunta ɗaya a lanƙwashe yake, a cikinta aka dafa abincin da aka ci ranar da aka kai ni ɗaki. Mutumin ya ce in taya. Na ce kallo kawai nake yi.

Tukunya ake ci yanzu a gidan. In ta ƙare sai me? Da huɗun nan suna zuwa, da yara sun kwana da wani abu a ciki sau biyu a mako. Ni na yanke musu, da hannuna, da kyakkyawar niyya.

Na yi tunanin in roƙi Malama ta aika musu a ɓoye. Yaya za ta dawo da shi da zafinsa. Na yi tunanin in je in ba ta haƙuri. Za ta ce ya wuce, ta kawo mini shayi a kofin baƙi, shi ke nan. Matar nan ba ta iya karɓa ba, tun tana yarinya bayarwa kawai aka koya mata.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na hau kujera na sauko da murfi daga kan kabad. Ƙura ta yi masa hula. Na wanke shi, na goge, na naɗe a ɗankwali. Na nemi tsakuwa a tsakar gida, duk wadda na ɗauka sai in ga ba ta yi ba, ƙarshe na buɗe gwangwanin maɓallai na ɗauki wani baƙi mai ido huɗu.

Na same su a baranda ita da mijinta, tana yanke masa farce. Ban yi doguwar gaisuwa ba, don in na yi zan fasa. Na kwance ɗankwali na ajiye murfin a gabanta, na ɗora maɓallin a kai. Na riga na shirya magana tun daga gida, mai tsari, da karin magana a ƙarshe. Duk ta gudu. Abin da ya fito shi ne,

"Yaya, roƙo na zo yi. Ba na cin abinci. In ni kaɗai ce ba ya wucewa. Kwanon kirki ma ba ni da shi, sai murfi. Ki saka ni a naku."

Na zo ne da niyyar dabara, in ba ta hanyar da za ta karɓa ba tare da ta sunkuya ba. Sai da maganar ta fita na ji ashe ba dabara a ciki, gaskiya ce tsirara, har kunya ta kama ni na rasa inda zan sa idona.

Ta daɗe tana kallon murfin. Ta ɗauke shi ta juya, ta shafa wurin da ya lotsa. Ta ce sai yau ya tuna hanyar gida? Na ce ƙafa ce ba shi da ita. Mijinta ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware, muka tashi mu biyu muna bubbuga masa baya.

Da ya lafa ta shiga ciki ta fito da kwanon, ta ɗora murfin. Ya zauna daram, da wannan 'yar ƙarar da na sani tun ina yarinya. Ba ta dube ni ba ta ce ta ji, ba za ta bar ƙanwarta ta mutu a kan keken ɗinki mutane su zage ta ba. Amma da sharaɗi: ni zan kai kwanon, da ƙafata, ta lungu.

Na ce na yarda, amma ita ma sai ta saka tata tsakuwar. Ta ce ba a yi wa babba sharaɗi. Ta ce gobe in biyo da safe in ɗauka, kuma in na kuskura na buɗe a hanya za ta sani.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ɗauka. Ta ɗaure shi da ɗankwalina, ƙulli biyu, irin ɗaurin Inna. Duk hanya ina jin abin da ke ciki yana kaɗawa, ina ƙoƙarin ƙirgawa da kunne, ban iya ba.

Lungun nan na sha wucewa ta bakinsa, ban taɓa shiga ba. Ashe dogo ne. Ashe daga cikinsa ana jin komai na gareji, sarar wuƙa, dariyar Mai Tumatir, har muryar Malama tana cewa a rage wuta. Wato duk lokacin nan Yaya tana jin muryata. A'a, ni ba na ɗaga murya a wajen aiki, Allah ya taimake ni da wannan. Na ja mayafi har goshi. A tsakiya na yi kiciɓis da wata mata da na taɓa yi wa ɗinki, tana fitowa hannu wofi. Ta dubi kwanon, na dubi hannunta. Ta ce yau da alamar hadari, na ce ƙwarai kuwa, kowa ya wuce. Sama kuwa tas take.

Na ɗaga labulen waje na ajiye shi a gefensa na da, kusa da gwangwanin madara. Sannan na zagaya ta titi na shiga ta ƙofa kamar kowace Talata, na ɗaura zanen aiki.

Na nufi albasa, Malama ta tare ni da ludayi. Ta ce hannun Mai Tumatir yana ciwo. Mai Tumatir kuwa tana can tana ɗaga buhu da hannun.

Na bar kwanon Inna sai ƙarshe. Na kwance ƙullin, na ɗaga murfi, na juye a tafina. Maɓalli ɗaya. Tsakuwa, na taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: biyar. Ta biyar ɗin 'yar ƙarama ce ƙwarai, kamar ƙwayar wake, irin wadda mutum zai iya cewa da kanta ta faɗa ciki.

Na zuba shida. Ban danna ba, ban ɗora ba, shida daidai.

Asabar, 25 ga Oktoba

A gidan Yaya na ci, ranar Talata da yau. A tire ɗaya, a baranda, yara suna faɗa a kan gefen burodi. Yaya ta ce gishiri ya yi yawa, wai waye ke dafa mana abinci a garejin nan kamar yana fushi da mutane. Tana faɗa tana ci. Na yi kamar ina kallon yara, amma na ga hannunta ya koma tire ya fi sau ɗaya, kuma haƙorinta bai yi ciwo ba. Da na tsame hannu ta turo mini sauran kabeji ta ce in cinye, ba a tashi a bar abinci a gidanta.

Ta ce ranar Juma'a za ta leƙa kasuwa wajen tara kaya, wai ta ji ana zubar da ganyen karas, kuma mutanen nan ba su san ana miya da shi ba. Allah ya ba Mai Tumatir haƙuri.

Kan kabad akwai zagayen da murfi ya bari, fes a tsakiyar ƙura. Ban goge ba tukuna.

Ba wai na koma cin abinci a gidanta ba ne. Maɓallina ne yake can, kuma ranar Talata dole in bi shi.